Fitsarin jini a bakin kanal: nazarin lamarin wani yaro mai tsargiya

## Garin, ruwan da yaron

Ƙauyen yana kudancin Kano, a yankin da ake noman rani da ruwan madatsar Tiga. An kammala madatsar a 1974, aka ja ruwanta ta kanal zuwa wajajen Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, ƙasar da a da sai damina ta koma ana girbe shinkafa, tumatir, alkama da albasa kusan duk shekara. Wani ƙaramin reshe na kanal ɗin ya ratsa ta bayan garin, tafiyar minti biyar daga gidajen ƙarshe. Nan 'yan mata ke wanki, nan samari ke wanke babur, nan masu kura ke cika jarkoki, nan kuma yara maza ke tsunduma da zarar rana ta take. Ruwan ba ya gudu sosai, gefensa duk ciyawa ce da kainuwa.

Yaron ɗan shekara 12 ne, ɗan fari a ɗakinsu, yana aji biyar na firamare. Da safe boko, da yamma allo, tsakaninsu kuma yana taya mahaifinsa ban ruwa a gonar haya. Tun yana ɗan shekara 6 yake shiga kanal. Ba shi da sikila, bai taɓa kwanciya asibiti ba.

## Shekara ta farko, Maris zuwa Yuli: farkon jini

A bazarar wannan shekarar yakan yi awa biyu ko uku cikin ruwa kusan kullum, daga tashi makaranta har kiran azahar ya wuce. Ya ce wani lokaci idan ya fito ƙafafunsa kan yi ƙaiƙayi da 'yan ƙuraje, washegari su baje. Duk abokansa haka suke yi, ba wanda ya kai ƙara gida.

A watan Yuli ya fara ganin jini. Fitsarin yakan fito fari tas, sai a ƙarshe, lokacin da yake matse na ƙarshen, ɗigo biyu ko uku su fito ja wur, da ɗan zafi-zafi. Bai faɗa wa kowa ba. Mahaifiyarsa ce ta ga tabo a gaban wandonsa wajen wanki, amma kunyar ɗan fari ta hana ta tambayarsa, ko sunansa ma ba ta kamawa. Ta ajiye wandon inda surukarta za ta gani.

Kakar ce ta tare shi a zaure: "Kai maigidan, zo nan. Mene ne wannan a wandonka?" Da maganar ta isa ga uban, ya yi murmushi ya ce: "Inna, tsargiya ce kawai. Ni ma na yi ta, wa ya tashi a garin nan bai yi ba? Girma ne ya zo, da kanta za ta tafi." Kawun yaron ya ce zafin rana ne, wata maƙwabciya ta ce yawan shan rake.

## Agusta zuwa Disamba: abin da aka gwada

Kakar ba ta bar maganar ba. Ta samo sassaƙe da saiwoyi, aka jiƙa yana sha safe da yamma har sati uku. Fitsarin ya ƙaru, jinin yana nan.

A watan Satumba uban ya kai shi kemis a kasuwar ƙauyen. Mai kemis ya ce sanyi ne ya kama mafitsara, ya ba shi kafso na kwana biyar. Zafin ya ɗan lafa, jinin bai tsaya ba. Aka koma, aka sauya wani kafson. Shi ma haka.

A watan Oktoba aka je ƙaramin asibitin gunduma. An ce su kawo fitsari, kakar ta sa ya yi na farkon asuba a kwalba, ta toshe, aka kai da hantsi. Takardar gwaji da ake tsomawa cikin fitsari ta nuna akwai jini, amma da aka ɗiga fitsarin a gilashi aka duba da madubin likita ba a ga komai ba. Ba wuta a ranar, don haka ba a juya fitsarin a inji don guggubinsa ya kwanta ba. Aka rubuta masa wani maganin sanyin, karo na uku ke nan.

A watan Nuwamba masu rabon maganin tsargiya suka zo makarantarsu. Ranar yana gona ana yankan shinkafa. Uban ya ji labarin daga baya, bai kuma bi sawu ba, domin a rabon bara ɗan maƙwabcinsa ya sha ƙwayar ya yi ta amai da jiri har yamma, maganar ta zaga gari.

Zuwa Disamba jinin ya fi na da, wani lokaci rabin fitsarin ja ne. Yana tashi fitsari sau uku da dare, yana gyangyaɗi a aji, ya rame. Malamin allonsu ya lura yaron yana ja da baya idan an tayar da salla. Da ya keɓe shi, yaron ya ce bayan ya yi tsarki jini yakan sake ɗigowa a wando, yana tsoron sallarsa ba ta yi ba. Malamin ne ya sami uban bayan magariba ya ce: "Malam, wannan ya wuce na jiƙo. A kai shi babban asibiti."

## Shekara ta biyu, Janairu: ranar da aka ga ƙwai

A babban asibitin ƙaramar hukuma an auna shi: nauyi kilo 31, tsawo santimita 134. Awon jininsa kashi 28 cikin 100, alhali na yaro mai lafiya a shekarunsa ba ya kasa 36. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya ƙi karɓar fitsarin da suka taho da shi daga gida. Ya ce su jira sha biyun rana, yaron ya sha ruwa, ya ɗan zagaya harabar asibitin, sannan ya cika kwalba har da ɗigon ƙarshe.

Aka tace mililita 10 na fitsarin. Ƙwai suka bayyana birjik, ma'aikacin ya ƙirga ya wuce 50 ya tsaya, domin daga 50 a mililita 10 Hukumar Lafiya ta Duniya take lissafa kamuwar a matsayin mai tsanani. Ya kira uban ya leƙa. Kowane ƙwai dogo ne, tsawonsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, da ƙaya guda a ƙarshensa. Uban ya daɗe da ido a kan madubin, ya ɗago ya ce: "Likita, yanzu duk wannan a cikin yaron nan yake?"

Abin da ya gani ƙwan wata tsutsa ce da ke zaune cikin jijiyoyin jinin da suka kewaye mafitsara. Namijin ya kai santimita ɗaya da 'yan kai, jikinsa a naɗe da wani kwari a tsakiya, macen ta fi shi tsawo da siranta, a cikin kwarin nan nasa take kwance. Haka suke zama manne da juna shekara uku zuwa biyar, wasu fiye, tana zuba ƙwai kullum. Jiki ba ya iya korar su, domin suna lulluɓe kansu da sinadaran jinin mai ɗauke da su. Ƙwan ne ke ɓarna. Dole su huda bangon mafitsara kafin su faɗa cikin fitsari, shi ya sa jinin yake zuwa a ƙarshe, lokacin da mafitsara ta matse. Da yawa kuma ba sa samun fita, su maƙale cikin nama, jiki ya kewaye su da kumburi, daga baya wurin ya zama tabo.

Ƙwan da ya fita, idan ya faɗa ruwan kanal ko kududdufi, yakan ƙyanƙyashe nan da nan, abin da ya fito ya nemi wani ƙaramin dodon koɗi da ke manne da ciyawar gefen ruwa. Cikin sati huɗu zuwa shida dodon koɗi guda ya fara sakin dubban 'ya'yan tsutsa masu wutsiya. Su ne ke huda fatar mai wanka cikin mintoci, ba ciwo ba rauni, sai ɗan ƙaiƙayin da yaron ya ambata. Daga fata su bi jini zuwa huhu, zuwa hanta, su girma, su haɗu biyu-biyu, su gangara mafitsara. Tsakanin shiga ruwa da ganin jini akan ɗauki kamar wata uku. Wanda ya yi wanka a Afrilu ya ga jini a Yuli ba zai taɓa haɗa biyun ba.

Akwai abin mamaki game da lokaci. Ƙwan sun fi fita cikin fitsari tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, dodon koɗin ma da tsakar rana ya fi sakin 'ya'yan. Wato daidai sa'ar da yara ke cikin ruwa, suna fitsari a ciki, suna iyo a ciki. Wannan ne dalilin da fitsarin asuba na watan Oktoba bai nuna komai ba.

Cutar tsohuwa ce ƙwarai. A 1910 wani likita mai suna Marc Armand Ruffer ya sami irin waɗannan ƙwai a ƙodar gawarwakin Misirawa biyu da aka adana kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Sojojin Napoliyon da suka shiga Masar a 1798 sun yi fama da fitsarin jini ba su san sanadi ba. Likitan Jamus Theodor Bilharz ne ya fara ganin tsutsar a 1851 yana binciken gawa a asibitin Kasr al-Aini na Alƙahira, amma sai 1915 wani masani ɗan Birtaniya, Robert Leiper, ya tabbatar da cewa ta dodon koɗi take bi. Shekara 64 likitoci sun san tsutsar ba su san ƙofar shigarta ba, don haka kawun da ya ce zafin rana ne yana da abokan tafiya a tarihi.

Hoton ciki ya nuna bangon mafitsarar yaron ya yi kauri a wurare biyu, ƙodar hagu kuma ta ɗan buɗe saboda fitsari ba ya sauka yadda ya kamata.

## Ƙwaya biyu

Maganin firazikwantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo, a sha sau ɗaya. Kilo 31 ya kama ƙwaya biyu masu miligiram 600, sandar awon tsawo da ake amfani da ita a makarantu ma biyun take nunawa ga mai santimita 134. Nas ta hana shi sha sai da uban ya sayo shinkafa da wake ya ci ya ƙoshi. Ta ce wa uban: "Baba, yawancin yaran da ke amai da komai a ciki suke sha." Ƙwayar babba ce, ga ɗaci. Bayan awa guda ya yi jiri da murɗar ciki, ya kwanta a benci, kafin la'asar ya miƙe. Aka haɗa masa da maganin ƙarin jini na wata uku.

Sauƙin nan sabon abu ne. Daga 1918, lokacin da likita John Christopherson ya fara amfani da wani sinadari mai guba a Hartum, babban birnin Sudan, maganin tsargiya allurai ne a jijiya na tsawon makonni, masu sa amai da tari, wani lokaci su taɓa zuciya. A Masar an yi wa miliyoyin mutane waɗannan allurai daga shekarun 1950 zuwa 1980 da sirinjin gilashi da ba a tafasawa sosai, aka yaɗa ciwon hanta nau'in C a ƙasar fiye da kusan ko'ina a duniya. Firazikwantel a Jamus aka haɗa shi a shekarun 1970.

Cikin sati uku jinin ya ɗauke. A gwajin watan Maris an ga ƙwai 2 kacal a mililita 10, awon jini ya hau 33. Aka ce masa ya daina shiga kanal.

## Shekara ta biyu, Yuli: jinin ya dawo

Bai daina ba. A Afrilu zafi ya kai inda ya kai, abokai suna ruwa, uban ma da kansa yakan tura shi buɗe ruwa a kwamin shinkafa. An saya masa takalmin ruwa na gwanjo, ya yi masa yawa, laka tana riƙe shi, ruwa yana shiga ta sama, cikin sati guda ya rataye shi. Kakar ta sa masa doka da bulala, ya koma wani wurin wankan nesa da gari.

A Yuli jini ya dawo. Uban ya koma asibiti ransa a ɓace, ya ce maganin bature kwantar da ciwo yake yi ba ya kashe shi. Jami'in lafiyar da ya duba su ya tambaye shi: "Malam, idan ka cire ciyawa a gona da damina, aka sake ruwa ta fito, fartanya ce ba ta yi aiki ba?" Ya bayyana masa cewa ƙwayar tana kashe manyan tsutsotsin da ke jiki a ranar da aka sha, ba ta hana sababbi shiga gobe, kuma ƙananan da ba su wuce 'yan makonni da shiga ba sukan tsira. Gwajin tsakar rana ya sake nuna ƙwai sama da 50.

## Agusta zuwa shekara ta uku: tsarin da aka sauya

A wannan karon an ba shi maganin a Agusta, aka maimaita bayan sati huɗu don a kama ƙananan da suka girma a tsakani. Jami'in ya kuma nemi a kawo duk mutanen gidan.

Ƙanwarsa 'yar shekara 10, mai zuwa wanki kanal, tana da ƙwai a fitsari. Ta daɗe tana jin zafin fitsari, ba ta faɗa ba, ba wanda ya tambaye ta, tunda a garin tsargiya ciwon maza ake ɗaukarta. A jikin mace ƙwan sukan maƙale har a mahaifa da al'aura, daga baya su kawo ƙaiƙayi, zubar ruwa, jini bayan saduwa, wani lokaci matsalar haihuwa, a yi ta maganin sanyi shekara da shekaru. Mahaifiyar ba ta fita, amma da ruwan kanal da ake kawowa a jarka take wanka. Ba a ga ƙwai a nata ba, an dai ba ta maganin.

Uban, mai shekara 41, ya ce rabonsa da ganin jini tun kafin ya yi aure. Takardar tsomawa ta nuna jinin da ido ba ya gani, aka sami ƙwai kaɗan, hoton ciki ya nuna bangon mafitsararsa ya yi kauri ya taurare. Maganarsa ta farko, cewa da kanta za ta tafi, tana da gaskiya a ciki: yawan tsutsar yakan kai ƙololuwa tsakanin shekara 10 zuwa 15, daga nan ya ragu saboda jiki yana samun ɗan kariya kuma babba ba ya wuni a ruwa kamar yaro. Jinin da ake gani ne ke tafiya, tabon yana nan. Tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin mafitsara.

A gida an yi sauye-sauye kaɗan. Aka sayi duro biyu, ana cika ɗaya a bar shi kwana biyu kafin a yi wanka ko wanki da shi, domin 'ya'yan tsutsar ba sa wuce kwana biyu a raye idan ba su sami fata ba. Wankin ƙanwar ya dawo tsakar gida. Aikin yaron a gona ya koma korar tsuntsu da dakon kwandunan tumatir, idan kuma dole sai ya shiga ruwa, da sassafe kafin makaranta. Wankan kanal bai bari gaba ɗaya ba, ya dai ragu, musamman bayan an gyara famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci. Da masu rabon magani suka dawo a Nuwamba, malamin allon ya yi sanarwa bayan sallar asuba cewa kowa ya ciyar da ɗansa kafin ya tafi makaranta, aka kuma kawo almajiran da ba sa boko.

## Inda aka tsaya

A watan Maris na shekara ta uku nauyin yaron kilo 35, awon jini kashi 37, ba jini a takardar tsomawa, ba ƙwai a fitsarin tsakar rana. Hoton ciki ya nuna kaurin mafitsarar ya baje, ƙodar hagu ta koma daidai. A Yulin wannan shekarar an ga ƙwai 4 a mililita 10, ba jinin da ido ke gani, aka ba shi magani. Ƙanwar ta warke. Hoton uban bai sauya ba.

## Abin da lamarin ya nuna

Wata shida aka ɓata kafin a gano cutar da ƙwaya biyu ke kashewa, kuma mafi yawan jinkirin daga sabo ya zo. Abin da kowane yaro a gari yake yi ya daina zama ciwo a idon mutane. Jiƙo da kafso uku ba su da abin da za su yi wa tsutsa, kuɗinsu kuwa ya fi na motar zuwa babban asibiti. Mai kemis da ke zaune a bakin kanal ya kamata tsargiya ce farkon abin da zai kawo a ransa idan yaro ya zo da jini a ƙarshen fitsari. Gwajin Oktoba ya faɗi ne saboda sa'ar da aka ɗebi fitsarin, kuma a wuri irin wannan jinin da takardar tsomawa ta nuna ya isa a ba da maganin ko ba a ga ƙwai ba.

Maganin Janairu ya yi aikinsa. Abin da ya rushe shi ne umarnin "kada ka shiga ruwa", wanda aka ba ɗan manomin rani a ƙofar bazara ba tare da an ba shi wani ruwan ba. Takalmi da bulala sun bi sahunsa. A ganina abin da ya fi tasiri shi ne maimaita maganin a kan lokaci, domin jiki yana jure tsutsa kaɗan, tarin ƙwai na shekaru ne ke lalata mafitsara da ƙoda, kuma a jikin yaro ɓarnar takan gyaru idan an kama ta da wuri. Duro da famfo sun rage yawan shigar, ba su tsayar da ita ba, ƙwai 4 na Yuli shaida ne.

Shawarar gwada mutanen gida ita ce mafi arha a cikin duk abin da aka yi, ita ce kuma ta tono mutum biyu da ba su kawo kuka ba. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a garin da kamuwa ta kai kashi 10 cikin 100 a riƙa ba kowa magani duk shekara daga ɗan shekara 2, har manya. Rabon da ya tsaya a aji yana barin almajiri, yarinya mai talla da manomi. Dodon koɗin kuma ba a taɓa shi ba: akwai maganin feshi da ke kashe shi, amma yana kashe kifi, sai an maimaita, ga tsada, yashe ciyawar kanal kuwa aikin gayya ne da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Uban an tura shi wajen likitan mafitsara a birnin Kano don a leƙa cikin mafitsarar da na'ura, ya ce sai ya sayar da shinkafa.